Wa Zai Miƙe a Matarehu?

Daga birni, Yuli 1993
Zuwa Matarehu, Gabar Gabas, Niyu Zilan

Whaea Merania, uwarmu duka,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da ba ta shiri da sanyi. Ki gaishe min da mutanen gida. Na so in buga miki waya, sai na tuna yadda kike yi da ita: ki ɗaga, ki ce ba kya ji, ki ajiye. Shi ya sa na ɗauki biro.

An kawo mana Koro Eruera asibiti, kakan garinmu, wanda ke yi wa baƙi jawabi a marae ɗinmu, filin taronmu na gargajiya. Ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu, yatsun sun yi baƙi, baƙin kuma yana hawa. Dakta Alistair ya ce sai an yanke ta daga saman gwiwa, in ba haka ba ruɓar za ta shiga jini ta kashe shi. Koro ya saurare shi har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce a'a.

Kin san ni kaɗai ce nas Ba-Maori a sashen nan, don haka kowa ya juyo yana kallona, sai ka ce duk Maori, 'yan asalin ƙasar nan, a aljihuna suke. Ni da na tashi a birni, harshenmu ma iyakata gaisuwa da waƙa. Amma na yi ta maza. Da farko abinci ma ba ya ci. Na duba, ashe ana ajiye masa kwalbar fitsari a kan teburin da ake ɗora masa faranti, matashin da yake sa kai kuma shi ake tokare masa ƙafa da shi. Na gyara wannan, na yi wa abokan aikina bayani, ya fara cin abinci. Kaina ya kumbura.

Sai na tuna abin da kika sha faɗa, cewa mutanenmu ba sa son a jefar da wani sashe na jikinsu. Na yi ta zirga-zirga har aka yarda za a ba iyalinsa ƙafar su binne a maƙabartar gida. Na je masa da albishir ina washe baki. Ya dafa hannuna ya ce, "Kin yi tunani, jikata. Amma a'a."

Yanzu Sista Noeline, shugabar sashenmu, ta fara maganar a kira likitan ƙwaƙwalwa. Whaea, mutumin nan ya riƙe sunayen 'ya'yan masu shara duka, hankalinsa ya fi nawa. To me yake gudu? Na nemi izininsa in rubuto miki, ya ce, "Gaya mata, in ya so ta samu abin surutu." Ke kika yi jinyar Gabar nan tun kafin a haife ni, ki taimake ni.

Taki,
Ripeka

Matarehu, Yuli 1993

Ripeka 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa tana nan, ta ƙi tafiya ta ƙi mutuwa. Wayar kuwa ba laifina ba ne, mutane ne suka daina buɗe baki in suna magana.

Kin yi daidai a kan kwalba da matashi, amma kada ki ɗauka kin gama da mutum don kin san al'adarsa guda biyu. Mu ma kowa da cikinsa. Lokacin da nake yawo a kan doki gida-gida da jakar magani, ni ma na zaci tunda jinina ɗaya da su, ba sai na tambaya ba. Tsofaffin nan suka koya min zama.

Tsoro dai ba shi ba ne, wannan ki cire shi. Na taɓa ɗinke wa Eruera tafin hannu ba allurar kashe zafi, ranar da almakashin askin tumaki ya tsarge shi, yana ta ba ni labarin wani doki har na gama. Taurin kai kuwa gado ne a gidansu, sai dai bai taɓa yin sa ba dalili ba.

Ga abin da za ki yi. Ki daina tsayawa a kansa da takarda a hannu. Ki jawo kujera ki zauna, kanki ya yi ƙasa da nasa. Ki gabatar da kanki yadda mutanenmu ke yi, ki gaya masa dutsen garinku da koginku da sunan kakarki, ko da harshen zai karye miki a baki. Kada ki ambaci ƙafa ko sau ɗaya. Sannan ki buɗe ido: wa ke zuwa duba shi, me suke cewa, me yake tambaya da kansa? Ni ma abin ya tsaya min a rai, jiya har madara ta ƙone min a kan wuta ina tunaninsa.

Ki ce wa Sistarku wata tsohuwar nas tana roƙonta ta dakata da likitan ƙwaƙwalwa. Na ba direban bas kifi banda da dankali ya kawo miki. Ki ba Eruera kaɗan, ban ce ki cinye ba.

Ki gaishe shi, ki ce masa surutun yana tafe.

Uwarki,
Merania

Daga birni, Yuli 1993

Whaea,

Ina gaisuwa. Kifi ya iso, Koro ya ci ya ce gishirinki ya yi yawa kamar kullum.

Na yi yadda kika ce. Na zauna, na faɗi dutse da kogi, harshen kuwa ya karye kamar yadda kika yi hasashe. Bai yi dariya ba. Ya karɓa daga sunan kakata ya yi ta jero min mutanen da na fito daga cikinsu, har ya kai ga jirgin ruwan da ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Ba wanda ya taɓa gaya min ni 'yar mutane da yawa ce haka.

Ga abin da idona ya gani. Ɗansa Hirini ya zo, wanda ke tuƙin motar katako. Mutum ne mai furfura, amma a gaban ubansa kamar an ɗaure masa baki. Ya zauna ta wajen ƙafa, Koro ya ce, "Fara." Sai ya shiga jero sunaye a hankali, uban yana tare shi: "Ka tsallake mace. Koma." Haka suka wuni. Da zai tafi Koro ya ce ya kawo masa baƙar kwat ɗinsa, a goge ta. Whaea, na san da baƙar kwat ake binne dattawanmu, gabana ya faɗi.

Na biyu, Dakta Alistair ya tuna min wani abu da ban kula da shi ba. Ya ce tun ranar farko tambaya ɗaya tak Koro ya yi masa: "Zan iya tsayawa?" Shi kuma ya faɗa masa gaskiya, cewa da shekarunsa da raunin zuciyarsa da wuya ya iya da ƙafar roba, mai yiwuwa keke ne har ƙarshe. Likitan ya ce min, "Ripeka, bai ce tafiya ba, tsayawa ya ce. Me yake so ya tsaya ya yi?" Na ce jawabi mana. Ya ce, "To ba a yi a zaune?" Na ce ba a yi. Amma mutum zai zaɓi kabari don kawai ba zai ƙara yin jawabi ba? Abin bai shige ni ba, akwai saura.

Na kasa haƙuri na tambaye shi kai tsaye. Ya ce, "Yarinyar nan, ke da tambaya kamar ɗan sanda." Ya juya ya fuskanci bango.

Zazzaɓi ya fara kama shi da yamma, warin ciwon ma ya canja. Muna ba shi magani ta jijiya, amma kin fi ni sanin iyakar wannan. Ina jin haushinsa, ina kuma jin tsoro. Sista ta yarda ta dakata, sai dai ta ce ba za ta zuba ido har abada ba.

Taki,
Ripeka

Matarehu, Agusta 1993

Eruera,

Ina gaishe ka da jiki. Na sa wannan a cikin ambulan ɗin Ripeka, na kuma ce ta karanta, don ba zan yi maka rufa-rufa ba.

Tsohuwa Kuini ta rasu, mun yi makokinta a marae. Baƙi suka zo daga ƙetaren kogi, mata suka yi kiran shigowa, aka zauna. Sai shiru. Bencin masu jawabi ba kowa. Dole muka aro wani daga cikin baƙin ya zagayo ɓangarenmu ya yi mana maraba da 'yan uwansa. Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa, amma bai san uwar Kuini ba, ya haɗa ta da wani gida daban. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Hirini yana zaune a baya, na ga leɓensa yana motsi, yana gyara wa mutumin a ɓoye. Na matsa na zungure shi na ce, "Kai, tashi mana." Ya dube ni ya ce, "Whaea, mahaifina yana da rai."

A nan na gane ka, tsohon banza. Ɗa ba ya miƙewa ya yi jawabi uban yana raye. In an yanke ƙafar, kai ba ka tsaya ba, shi bai tashi ba, Matarehu ta zama kurma har ranar da ka ga damar mutuwa. Shi ne ka zauna ka yi lissafinka kai kaɗai, ka ce bari ka kauce masa da wuri. Har da goge kwat.

To ban yarda ba. Ni ma a bakin tsofaffin na tashi, na kuma san uba yana iya miƙa wa ɗansa magana da ransa. Ba a cika yi ba, amma ba a hana ba. Me ya hana ka? Kuma ka taɓa tunanin yaron nan? Kana so duk ranar da ya miƙe ya tuna da ran ubansa aka saya masa wurin? Na binne mutanen zamaninmu da yawa, Eruera, na gaji. Saura ni da kai masu tuna garin nan kafin a kawo lantarki, kuma ba na son in rage ni kaɗai.

Ka ba ni amsa da hannunka, ban son saƙon baki.

Merania

Daga gadon asibiti, Agusta 1993

Zuwa ga Merania, 'yar gidan mutunci,

Ina gaida waɗanda suka riga mu, Kuini da duk wanda ta tarar a can, su huta. Ina gaida gidan taronmu da ke tsaye, da filin da ke shimfiɗe a gabansa. Sannan ina gaida masu rai, ke ce farkonsu, duk da bakinki.

Abin da kika faɗa haka yake. Ban yi mamaki ba, tun muna yara ba a ɓoye miki ƙwai a ciyawa.

Kin tambayi abin da ya hana ni. Na farko, ba a miƙa magana a kwance, ba a kuma miƙa ta a ɗaki mutum biyu kamar cinikin sata. Ana yi a tsaye, ƙafa a ƙasa, gaban jama'a, su gani su shaida. Na tambayi likita ko zan iya zuwa gida in dawo, ya ce hanyar za ta ƙarasa ni. A nan kuwa baƙo biyu suke bari a bakin gado. Da wa zan tara jama'a, da masu goge ƙasa?

Na biyu ya fi wuyar rubutawa. Mahaifina a kan bencin nan ya tsufa, ranar da muka binne shi na fara miƙewa. Shi ma haka ya karɓa. Ban taɓa ganin wanda ya zauna a baya yana sauraron ɗansa ba, ban san yadda ake yi ba. Ina ake sa hannuwa? In ya yi kuskure, in yi shiru? In baƙi sun shigo suka wuce ni da ido, ni wane ne a wurin? Kin ce ba ni da tsoro. Wuƙar likita ba ta dame ni ba, Merania. Zaman nake tsoro.

Maganarki a kan Hirini ta hana ni sukuni, ban duba ta wannan gefen ba. 'Yar nan taki Ripeka ta karanta, ta fita, na ga tana tafiya irin taki ta neman rigima. Ban san me za ta ƙulla ba.

Ki zauna lafiya cikin kiyayewar Allah.

Ni ne,
Eruera

Daga birni, Agusta 1993

Whaea,

Gaisuwa a gurguje, yau ƙafafuna ba nawa ba ne. Na san mutanen bas za su ba ki labari, amma kowa zai ƙara gishiri, gara ki ji daga gare ni. Na ji takaici da gwiwa ta hana ki zuwa, bayan ke kika cika motar da mutanen Matarehu.

Da na je wa Sista Noeline da maganar a kawo jama'ar gida nan asibiti don Koro ya miƙa magana a gabansu, na shirya faɗa. Ta saurare ni, ta yi ta tambaya: me ya sa sai a tsaye, me ya sa sai da jama'a, matan fa me suke yi? Wasu na amsa, wasu na ce ban sani ba. Can ta ce, "Doka ta ce mutum biyu a bakin gado. Ban ga inda ta ambaci ciyawar bayan sashenmu ba." Ita da kanta ta sa aka fito da benci. Dakta Alistair ya ce bai so, tsayuwar za ta wahalar da zuciyar, amma jikin na Koro ne, shi dai a bar shi ya tsaya kusa.

Da hantsi bas ta iso. Mata cikin baƙaƙen kaya, maza da huluna a hannu, wani har da tukunyar nama. Marasa lafiya suka cika tagogi. Na turo Koro a keke, yana sanye da baƙar kwat ɗin nan, da sandarsa mai sassaƙa a kan cinya. Ya ce in cire masa silifa. Na ce ciwon fa? Ya ce, "Yau dai ki bar ta ta taka ƙasa."

Whaea, ya miƙe. Na san zafin da ke cikin ƙafar nan, ni nake wanke ta, amma fuskarsa ba ta nuna ba. Muryar da ta fito ba ta mutumin da nake ba magani ba ce. Ya gaida matattu, ya gaida masu rai, ya gaida mutanen ƙasar da asibitin ke kai, har ya ɗan taka yana nuni da sanda. Ba duka na gane ba, amma tsigar jikina ta tashi. Sannan ya kira Hirini da cikakken sunansa, ya sunkuya ya ajiye sandar a kan ciyawa, ya koma keke ya zauna.

Hirini ya ƙi motsi. Sai Koro ya ce da ƙaramar murya, "Ɗauka mana, ko sai na mutu?" Wata tsohuwa ta fashe da dariya tana kuka. Ya ɗauka. Ya fara jawabi. Ni kuwa Koro nake kallo. Ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya ɗora a gwiwa, ya sauke, ƙarshe ya kama nawa ya riƙe gam har aka gama waƙar rufe jawabi.

Da muka koma ciki ya dubi likita ya ce, "To, zo ka ɗauki abarka." Ya sa hannu a takardar amincewa. Ya kuma ce maganar binne ƙafar a gida tana nan, ashe wahalata ba ta tafi a banza ba.

Gobe da safe za a shiga da shi. Ba zan ɓoye miki ba, Dakta ya ce an makara sosai, zazzaɓin ya ci ƙarfinsa, ba shi da tabbacin zuciyar za ta ɗauki aikin. Na roƙa a bar ni in raka shi har ƙofar ɗakin tiyata, an yarda. Ki yi mana addu'a.

Taki,
Ripeka

Matarehu, Disamba 1993

Jikata Ripeka,

Ina gaida waɗanda suka tafi, ina gaida ke da kike raye, da Sistarku da likitanku mai yawan tambaya.

Dungulmin ya warke. Keken yana da taurin kai a kan tsakuwa, amma muna fahimtar juna.

Ranar Asabar aka yi ɗaurin aure, baƙi suka zo da yawa. Aka ajiye ni a baya, wajen tsofaffin mata. Hirini ya miƙe. Na shirya in ƙirga kurakuransa, na samu ɗaya, na kuma haɗiye shi. Can ya ɗauko wata magana a kan kogin nan namu wadda ban koya masa ba, ban ma taɓa jin ta a bakin kowa ba. Na yi kuka a gaban mata, ban damu ba.

Yaron ya fi ni. Da na mutu, da ban ji ba.

Ki zo gida hutun nan, akwai sunayen da ban gama gaya miki ba.

Kakanki,
Eruera